Minti Arba'in na Gwaji

A ofishin da Na-Faɗa yake aiki ba a tambayarsa ra'ayi, don ba a samun dama. Kafin ka buɗe baki ya riga ya ba ka, har da ƙari. Mai rubuta manhajar kwamfuta ne, shekararsa goma sha huɗu a kan kujera ɗaya, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa duban manhajar wani ya ce ta yi ba. Wadda ake biyan albashi da ita shirme ce. Wadda ke cikin wayarka don yara aka yi ta. Ko wadda shi da kansa ya rubuta bara, idan ka ɓoye sunansa ka nuna masa, cewa zai yi a kori wanda ya yi ta, a goge a sake daga farko. An taɓa gwada shi, haka kuwa ya ce.

Linzamin kwamfuta a wajensa kayan ragwaye ne. Allonsa baƙi ƙirin ne, rubutun kore ƙanana kamar tururuwa, kuma yana jin daɗi idan mutum ya leƙo ya kasa karantawa. Idan abu ya lalace a ofis sai ya jingina da kujera ya ce ai na faɗa. Idan abu ya yi kyau, nan ma ai na faɗa. Da haka sunan ya bi shi, har manaja yakan manta ya kira shi da shi a gaban baƙi.

Teburin da ke kusa da nasa na wata mata ce da aikinta shi ne ta gwada duk manhajar da aka rubuta kafin a kai wa masu ita, ta tono kurakuran da suka maƙale a ciki, waɗanda masu sana'ar ke kira ƙwari. Mai Gwaji ake ce mata. Mace ce marar hayaniya, tana da wani ɗan littafi ja, kuma rabin shafukan littafin nan ƙwarin Na-Faɗa ne. Shi kuwa gani yake aikinta gaba ɗaya cin fuska ne. Ya sha gaya mata cewa gwaji na marasa tabbas ne, wanda ya san abin da ya rubuta ba ya buƙatar a duba masa. Takan ce masa to, ta buɗe sabon shafi.

Da a manhaja ya tsaya, da da sauƙi. Sai ya haɗu da wani abu wai shi kiɗan gwaji, irin kiɗan da babu ganga, babu baiti, babu inda ƙafa za ta kama, sai ƙara da tsuwa da dogon shiru a tsakani. Tun daga nan ya yanke hukunci cewa duk kiɗan da za a iya taka rawarsa yaudara ce, an yi shi ne don mutanen da ke tsoron tunani. Wata rana wani abokin aiki ya ari abin sauraronsa na kunne, ya saka, ya cire, ya mayar masa yana ba shi haƙuri cewa wallahi a lalace ya same shi. Na-Faɗa ya yi masa bayanin awa guda a kan jahilcin kunne.

A gida ne abin ya zama magana. A hawa na uku suke zaune, gida mai ɗaki uku da falo. Ɗaya nasa da matarsa, ɗaya na 'yan biyunsu mata, na ukun kuwa ya maƙe shi ya sa masa kwaɗo. Ya manne bangon da kwalayen ƙwai wai don sauti, ya jera lasifika shida, wayoyi kuwa ko'ina a ƙasa sai ka ɗaga ƙafa. Yana son ɗakin nan har cikin ransa, domin a duk duniya nan ne kaɗai yake magana babu mai cewa to ya isa.

Matsalar ita ce Mama, surukarsa. Wata huɗu ke nan da aka yi mata aiki a gwiwa ta dawo wajensu, kuma wata huɗun nan a kan doguwar kujerar falo take kwana, kujerar da ta gaza mata da taƙi guda. Kullum da safe sai ta yi minti biyar tana miƙe baya tana cije leɓe, ba ta taɓa cewa komai ba. 'Yarta ce ta gaji. Malamar lissafi ce, kuma irin malaman nan ne da ba sa ɗaga murya, sai dai su ɗauko biro.

Ta same shi a bakin ɗakin yana kulle kwaɗo, ta ce tana so Mama ta koma ciki kafin ƙarshen wata. Ya dafe ƙirji. Ya ce ɗakin nan ba ɗaki ba ne, masana'anta ce, kuma aikin da yake yi a ciki idan ya fito sai mutane sun yi layi. Ya ce matsalar gidan nan ita ce ba a san wanda ake zaune da shi ba.

"Mutum nawa za su yi layin, Baban Biyu?" in ji ta.

"Ɗari. Ɗari biyu. Zaure ba zai ɗauka ba."

"Ni ashirin nake so. Ba dangi ba, ba abokan aikinka ba. Su zauna su saurari kiɗanka daga farko har ƙarshe. Minti nawa ne?"

"Arba'in."

"To minti arba'in. Idan ashirin suka zauna, ɗaki naka ne, ba zan sake magana ba, zan san yadda zan yi da Mama. Idan ba su kai ba, ka ba ni makulli a nan take."

Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce ta tausaya wa kanta ta ce hamsin. Ta ce ashirin sun ishe ta. Ta rubuta a bayan takardar jarrabawar wani ɗalibi, ta sa hannu, shi ma ya sa, da wani dogon lanƙwasa a ƙarshe.

Shirin nasa babba ne. Zai tattara ƙarar abubuwan unguwa, ya zuba su cikin wata manhaja da zai rubuta da hannunsa, ita kuma ta riƙa haɗa su tana tsara kiɗa da kanta, ba tare da ta taɓa maimaita abin da ta yi ba. Ya sa wa aikin suna Numfashin Ƙarfe. Ya ce daga ranar da aka ji shi makaɗa za su fara neman wata sana'a.

Da firjin gida ya fara. Ya hana kowa motsi na rabin awa yana durƙushe da makirufo a bayansa, 'yan biyu sun toshe baki suna shaƙewa da dariya. Daga nan ya sauka shagon mai aski da ke ƙasan ginin, ya ce a kunna masa injin aski. Ya saurara, ya girgiza kai, ya ce ƙarar ba ta da rai, sai injin yana cin gashi ake jin gaskiyarsa. Babu kowa a kujera, don haka ya zauna da kansa, ya ce a ɗan taɓa masa ƙeya kawai. Injin na kan ƙeyar ya tuna bai danna maɓallin ɗauka ba, ya sunkuya da sauri, injin ya yi masa titi tun daga ƙeya har goshi. Mai aski ya ce gyara ɗaya ne, a kwashe duka. Ya fito da kai tal yana sheƙi, yana gaya wa duk wanda ya kalle shi cewa dama manyan masu fasaha haka suke yi.

Washegari tsohon ɗan sandan da ke hawa na biyu ya buɗe ƙofarsa ya tarar da mutum kwance rub da ciki a bakin ƙofar, ya cusa makirufo ta ƙasa. Na-Faɗa ya yi bayani cewa kukan ƙofar yake so, don a duk ginin babu ƙofar da ke da irin wannan baƙin ciki. Tsohon bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya riƙe masa wuyan riga ya hau da shi har gaban Malama, yana cewa shekara talatin ya yi yana kama masu leƙen asiri, bai taɓa ganin wanda ya yi aski don ɓad da kama ba. Sai da Malama ta rantse cewa mijinta ba shi da wayon da zai yi leƙen asiri sannan aka sake shi. Na-Faɗa ya ji zafin shaidar fiye da shaƙar.

Bayan mako biyu manhajar ta tashi. Ranar Lahadi da hantsi ya kulle kansa a ɗaki ya ce zai ɗan ɗanɗana minti uku. Minti ɗaya bai cika ba ginin ya rikice. Matar hawa na ɗaya ta fito da jaririnta a kafaɗa babu takalmi. Wani ya ruga zai kashe wutar ginin gaba ɗaya. Bakaniken da ke zaune a ƙasa ya hauro yana haki da sufana a hannu, ya ce ya san ƙarar nan, injin tura ruwa ne ƙarfensa ya cinye, idan ba a kashe shi yanzu ba zai kama da wuta. Da aka gaya masa kiɗa ne, sai ya tsaya ya dubi Na-Faɗa daga sama har ƙasa, ya ce shi dai da mota ce ta zo masa da wannan kukan, ba zai bar mai ita ya koma gida da ita ba.

Na-Faɗa ya ce wannan shi ne yabo mafi girma da aka taɓa yi masa. Maƙwabta suka ce sun ji, amma idan aka sake kunna yabon a ginin nan za su kira mai gida.

Ranar Talata kuma manhajar ta nuna halinta a ofis. Ana tsakiyar taro da wasu manyan baƙi, ya buɗe kwamfutarsa zai nuna musu jadawali, sai Numfashin Ƙarfe ya tashi da kansa ba wanda ya kira shi. Ɗaya daga cikin baƙin ya zubar da shayi a cinyarsa. Manaja ya ce idan abin nan ya sake tashi a ofishinsa, da shi da mai shi za su fita tare. Don haka da yamma Na-Faɗa ya ƙara wa manhajar layi uku, yadda ba za ta fara ba sai ta tambaya an amsa mata. Yana gamawa ya manta, don a lokacin hankalinsa ya tafi ga wata shawara mafi girma, wato ya goge sauran manhajar ya sake rubuta ta daga farko, saura kwana huɗu ya kunna wa jama'a kiɗan.

Mai Gwaji ta ga idanunsa sun yi ja, ta tausaya masa. Ta ce ya ba ta abin na awa ɗaya ta gwada masa, ba za ta rubuta a littafi ba. Ya ce mata kiɗan gwaji ake yi, ba gwajin kiɗa ba, kuma bambancin nan ne ya sa ita take wancan teburin shi yake wannan. Ta ce to. Ta tambayi ranar da wurin, ta ce za ta zo.

Ya kama zauren taro na ɗakin karatun unguwa, ranar Asabar ƙarfe huɗu. Ya buga takardu ya manna a kowane bango da manyan baƙaƙe: KIƊAN GWAJI, SHIGA KYAUTA. Mutanen unguwa suka karanta kiɗa, suka karanta kyauta, kalmar tsakiya kuwa ba wanda ya tsaya a kanta. Ga zauren da fankoki masu kyau, ga zafi ana yi. Kafin ƙarfe huɗu kujeru sun cika fiye da rabi, da tsofaffi, da mata da yaransu, da 'yan shagon aski, da bakanike da ya ce zai zo ya ga ƙarshen motar. Malama ta zaunar da Mama a layin gaba, ta tsaya a gefe da takarda tana ƙirga kawuna. Ta cire dangi, ta cire Mai Gwaji, ta samu arba'in da uku. Ta dubi gwiwar mahaifiyarta ta kau da kai.

Mai kula da zauren, wani dattijo mai haƙuri, ya zo ya ce bari ya gwada masa lasifikar kafin a fara, kamar yadda yake yi wa kowa. Na-Faɗa ya ce shi ba kowa ba ne. Ya cusa wayar da ta fito daga kwamfutarsa cikin na'urar sautin zauren da hannunsa yana kallon jama'a yana murmushi, sannan ya ja wa dattijon kunne cewa duk abin da zai ji, komai baƙuntarsa, kada ya kuskura ya taɓa waya ko ɗaya. Aikinsa kawai shi ne ya zauna a baya, idan ya ga hannu ya yi sama ya ƙara sauti, idan ya yi ƙasa ya rage.

Ya hau dandamali cikin baƙaƙen kaya, kai na sheƙi. Ya ɗauki makirufo ya ce, "Jama'a, yanzu za mu fara na gwaji. Ina roƙon haƙurinku da kunnuwanku." Mutane suka gyaɗa kai, don abin da aka saba ne. Ya danna maɓalli, ya sauke murfin kwamfutar rabi, saboda a ra'ayinsa mai fasaha na gaskiya ba ya kallon allo. Ya lumshe ido.

Wata ƙara ta taso daga lasifika, doguwa, mai kauri, zuuu, tana rawa kaɗan-kaɗan. Tsikar jikin Na-Faɗa ta tashi. Bai taɓa jin manhajar ta buɗe da irin wannan natsuwa ba. Ya gane firjinsa nan take, ga shi nan a ƙasan sautin yana gurnani. Ya ɗaga hannu, sautin ya ƙaru. Ya sauke, ya ragu. Ya taka gaba ɗaya sai ƙarar ta yi wani ƙaras-ƙaras, ya ce a ransa ga injin aski ya shigo, daidai inda ya dace, kai, wannan manhaja ta fi mai ita hankali. Ya ja da baya, aka yi tsuwa siririya, ya kusa hawaye, don ƙofar tsohon ɗan sanda ce da duk baƙin cikinta. Ashe shaƙar da ya sha ba ta tafi a banza ba.

Minti goma, ya buɗe ido ɗaya ya leƙa. Babu kujerar da ta motsa. Kawuna duk a sunkuye, kowa ya nutsa cikin tunani. Daga inda yake ba ya hango wayoyin hannu da ake latsawa a kan cinyoyi. Ya ga mata biyu suna raɗa, ya san sharhi suke yi. Ya ga Mama ta jingina kai ta rufe ido, bakinta a ɗan buɗe, ya ce Allah sarki, har tsohuwa abin ya taɓa. Ya ga Malama tana duban agogo tana duban jama'a fuska a ɗaure, sai daɗi ya kama shi har ya fara tsara inda zai ƙara lasifika ta bakwai.

Daga nan ya saki jiki. Ya riƙa yawo a kan dandamali yana kaɗa hannaye, yana durƙusawa, yana miƙewa, dattijo a baya yana murɗa sauti sama da ƙasa har gumi ya keto masa. Minti ashirin, talatin, ba wanda ya tashi sai wani yaro da aka kai bayan gida aka dawo da shi. Da agogonsa ya nuna arba'in cif, ya ɗaga hannaye biyu sama iyakar tsawonsu, ya danna maɓallin tsayawa, ya sunkuya har kansa ya kusa taɓa gwiwa, yana jiran tafi.

Ba a tafa ba. Ƙarar ma ba ta tsaya ba, tana nan tana zuuu abinta.

Wani tsoho mai sanda a layi na biyu ya yi gyaran murya. "Ɗana, gwajin nan bai isa haka ba? Lasifika tana aiki, duk mun shaida. A shigo da makaɗan, wasunmu da nisa muka zo."

Zaure ya ɗauka da gaskiya ne, gaskiya ne. Wata mata ta ce ita ba ta taɓa ganin gwajin lasifika mai tsawon wannan ba, amma ta yi shiru ne don ta ga mutumin yana ƙoƙari. Wani ya tambaya ko makaɗan sun maƙale a hanya ne.

Na-Faɗa ya miƙe a hankali. Ya jawo makirufo ya ce babu wasu makaɗa, abin da suka ji shi ne kiɗan, kuma sun yi sa'a su ne na farko a duniya. Ya fara warware musu shi daki-daki, inda firji ya yi magana, inda aski ya amsa, inda ƙofa ta yi kuka. Dole ya riƙa ɗaga murya saboda ƙarar ta ƙi mutuwa. Bakanike ya tambaya, to in an gama, me ya sa bai mutu ba? Na-Faɗa ya ce wannan jelar kiɗan ce, manhajar ce ke zaɓar lokacin da za ta yi sallama, ba a yi wa fasaha dole.

A nan haƙurin mai kula da zaure ya ƙare. Ya taso daga baya, ya ratsa tsakiyar jama'a, ya hau dandamali, ya sunkuya a bayan na'urar, ya sa babban yatsa ya tura kan wayar da Na-Faɗa ya cusa rabi. Ta shige ƙyat. Zauren ya yi tsit, har ana jin fankoki.

"Tun ɗazu nake kallonta tana lilo," in ji dattijon. "Duk takun da ka yi sai ta motsa. Ka ce kada in taɓa."

Mai Gwaji ta riga ta hauro. Ta ɗaga murfin kwamfutar, ta gyara tabarau, ta karanta abin da ke kan baƙin allon, kuma da yake makirufon na kusa da bakinta, har na layin ƙarshe sun ji.

"Ka tabbata kana so ka fara? I ko A'a."

Dariyar ta fara ne daga wajen 'yan shagon aski, ta bi layi-layi har tsohon mai sanda yana share hawaye. Na-Faɗa ya ji kunya ta rufe shi tun daga tafin ƙafa har ƙoƙon kan da babu gashin da zai ɓoye shi. Amma bakin bai mutu ba. Ya juya wajen Malama ya ce ko ma mene ne, mutum arba'in da uku sun zauna minti arba'in, lissafi ai lissafi ne.

Malama ta buɗe takardar jarrabawar, ta sa yatsa a kan kalma ɗaya. "Kiɗanka aka rubuta, Baban Biyu. Wannan na waya ne. Amma ba zan cuce ka ba, ga mutanenka nan a zaune, ga agogo. Amsa wa kwamfutar."

Ya dubi jama'a, ya dubi allon. Ya ce yanzu ne ma za su san an zo wajen. Ya danna I.

Dattijo ya bar sautin a ƙarshen maɓalli tun ɗaga hannun nan na ƙarshe. Firji da injin aski da ƙofa suka faɗo cikin zauren lokaci guda kamar an jefo su daga saman bene, a bayansu kuma wani abu yana kururuwa wanda shi kansa Na-Faɗa bai san inda ya ɗauko shi ba. Jarirai suka tsala ihu. Tsohon mai sanda ya riga kowa isa ƙofa, sandar a hammata. Mata suka suri yara, kujeru suka kife, wani ya bar takalmi ƙafa ɗaya. Bakanike ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ai shi ne, wannan ne na ranar Lahadi, sannan ya bi sahu. A minti na uku manhajar ta shaƙe ta mutu da kanta, allon ya cika da jan rubutu. Mai Gwaji ta laluba jaka ta taɓa littafinta, sai ta tuna alkawarin da ta yi, ta bar shi a ciki.

Malama ta ƙirga abin da ya rage. Ta cire dangi, ta cire abokiyar aiki, saura mai kula da zaure, shi ma don makullin wurin na hannunsa ne. Ba ta faɗi adadin ba. Ta miƙa tafin hannunta kawai. Na-Faɗa ya daɗe yana laluben aljihu kamar makullin zai ɓata don tausayi, sannan ya ciro shi ya ajiye mata.

Mama ce ta taso da ƙyar, tana dafa kujeru ɗaya bayan ɗaya har ta iso bakin dandamali. Kiɗa na biyu ne ya tashe ta, ba ta san an yi wata magana a tsakani ba. Ta kama hannunsa da hannayenta biyu, ta ce Allah ya yi masa albarka, rabon da ta yi barci mai daɗi irin na ɗazu tun kafin a yi mata aiki.

"Na farkon nan ka iya shi, ɗana," in ji ta. "Ka riƙe shi. Na biyun ne dai ban san me ya same ka ba."

Na-Faɗa ya dubi dattijo, dattijo ya dubi rufi. Na-Faɗa ya ce ya gode, Mama, dama na farkon ya fi cin aiki.

Washegari da rana aka ga shi da bakanike a kan matakala, sun ɗauko sabon gado suna hawa da shi. Na-Faɗa ne a ƙasa, nauyin duk a kansa, gumi na gangarowa daga tal ɗin kai yana shiga masa ido. Yana haki yana bayyana wa bakanike cewa in an bi ta gaskiya ɗaki yana takura sauti, bango huɗu kurkuku ne, kuma shi dama ya daɗe yana tunanin fita daga wannan matakin. Bakanike ya ce ya ji, ya ɗaga ɓangarensa, ƙafar gadon na cin bango.